Fenti sabo bisa ruɓaɓɓen ƙarfe

Da ruwan damana ya ɗauke, hatsi ya shiga rumbu, wake da gujiya da riɗi suka fara fita kasuwa, sai aiki ya buɗe ma masu gyaran jikin mota. Wanda duk ya zaga bayan tasha a Maraɗi, ko Damagaram, ko Birnin Ƙonni cikin watan Oktoba da na Nuwamba, zai tarad da tsofaffin motoci jere ƙarƙashin itacen bedi. An liƙe ma gilasansu takardar siminti, yara suna ta gugar jikinsu da takarda mai yashi. Wata an cire mata ƙofa, wata an ɗaga bayanta bisa duwatsu. Bayan kwana huɗu ko biyar sai a ga mota ta fito fes, shuɗiya ko fara, da zanen zaki a ƙofar baya, an rubuta mata "Haƙuri maganin duniya".

Ba don sha'awa kaɗai ake wannan kwalliya ba. Kaka ita ce lokacin da kuɗi ke hannun mutanen karkara, ita ce kuma lokacin da motoci ke sake iyayen gida. Ɗan kasuwar ƙauye yana son bashe ta kai mashi kaya kasuwannin mako. Ƙungiyar manoman albasa tana son motar kanta don ta huta da kuɗin haya. Ɗan ci-rani ya dawo daga Libiya ko Abijan yana neman inda zai sa guminsa. Mai tsohuwar mota ya san haka, dillali ma ya sani. Abin da ke ƙarƙashin fentin kuwa, sau da yawa daga mai motar sai mai gyaran suka san shi.

Motocin nan ba yara ba ne. Peugeot 404 ta fito a Faransa a 1960, 504 ta biyo ta a 1968. Daga 1975 aka shiga haɗa motocin Peugeot a Kaduna, aka ci gaba da yin 504 can har bayan shekara ta 2000. Kamfanin Berliet, wanda manyan motocinsa suka yi suna a hanyoyin arewa, an haɗe shi da Saviem tun 1978. Mercedes mai gajeren hanci an fara ƙera ta a Jamus a 1959, aka daina a 1995. Waɗanda suka gaje su, Toyota da ire-irenta, mafi yawa sun shigo Nijar ne bayan sun ƙare aikinsu a wata ƙasa. Tun da aka karya darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994, farashin sabuwar mota da na kayan gyara ya hau sama ƙwarai, mai ƙaramin ƙarfi ya koma ma ta hannu. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da muhalli ta ƙidaya ƙananan motoci na hannu miliyan 14 da aka fitar daga Turai da Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018. Wajen kashi 40 cikin ɗari nasu Afirka suka nufa.

Ina tsatsa ke fitowa a ƙasar rairayi?

Akwai masu cewa ƙarfe ba ya tsatsa a Nijar. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Motar da aka yasar a Agadas ko Tanut, tayoyinta za su farfashe, rana ta cinye fentinta, amma ƙarfenta ya daɗe bai huje ba. Dalili kuwa, tsatsa ba ta kama ƙarfe sai iska da laima sun haɗu a kansa. In akwai gishiri cikin laimar, ɓarnar da za ta ɗauki shekaru sai ta auku cikin watanni.

Tsatsa ba dauɗa ba ce da ta zauna bisa ƙarfe, da za a wanke ta fita. Ƙarfen ne da kansa ya juye ya zama jar ƙasa. Kuma tana kumbura ta fi ƙarfen da ta ci girma sau da dama. Shi ya sa take ɗaga fenti ya yi bororo, take shiga tsakanin ƙarafa biyu da aka haɗe ta raba su har ƙusar da ta riƙe su ta tsinke. Ga ta da ƙofofi kamar soso: ta sha ruwa ta riƙe, ta riƙa ba lafiyayyen ƙarfen da ke ƙarƙashinta kaɗan kaɗan. Wanda ya shafa fenti bisa tsatsa ya rufe ciwo ne da ƙwayarsa a ciki.

Da yawa cikin motocin da ciwonsu suke zuwa. A Jamus, da Beljiyam, da Holan, da arewacin Faransa, ruwa yana daskarewa bisa kwalta lokacin ɗari, sai hukuma ta watsa gishiri don ƙanƙarar ta narke. Motar da ta yi shekara 15 tana bin waɗannan hanyoyi, ba lungun cikinta da ruwan gishiri bai shiga ba. A can, in masu binciken motoci suka ga tsatsa ta huda shasi, ba su barin mota ta ci gaba da hawa hanya sai an gyara, gyaran kuwa kan fi kuɗin motar. Sai mai ita ya saida ma masu fitarwa Afirka. Ta hau jirgin ruwa, ta sauka bakin teku, ta zauna makonni ko watanni a filin ajiya tana shaƙar iska mai gishiri. Shekara da shekaru ta Kwatano suke sauka, su biyo Faraku da Malanbil su ƙetare gada zuwa Gaya. Da aka rufe wannan iyaka a 2023, kaya da yawa suka koma bi ta Lome. Iskar tekun dai ɗaya ce.

Sauran ciwon kuma a nan gida mota ke samunsa, daga kayan da take ɗauka. Takin zamani shi ne kan gaba. Ure da 15-15-15 suna jawo laima daga iska, su narke su zama ruwa mai cin ƙarfe. Buhu ɗaya ya yage cikin mota a farkon damana, ƙwayoyin su shiga tsagar daɓe, ba wanda ya share. Kafin kaka, wurin ya yi ja. Gishirin Bilma da na Foga haka suke. Kanwa tana cin fenti, ga kuma gishiri gauraye cikinta. Fitsarin bisashe da kashinsu, in an kai shanu ko tumaki kasuwa aka bar shimfiɗar ciyawa ta kwana biyu cikin mota, su ma ba su raga ma ƙarfe. Haka ruwan ruɓaɓɓiyar albasa da na tumatir.

Sai laka. Motar da ke ratsa Gulbin Maraɗi, ko Gulbin Kaba, ko ƙoramun Majiya cikin watan Agusta, tana kwaso laka ta cusa cikin shasi da bayan ƙarfen da ke rufe taya. Waje ya bushe cikin awa ɗaya, ciki ya yi makonni da danshi. Daɓen katako ma yana riƙe ruwa daidai inda ya kwanta bisa ƙarfe. Tabarmar roba da direba ke shimfiɗawa ƙarƙashin ƙafarsa ita ma haka, ruwan buta da na sama su shige ƙasanta su rasa hanyar fita. Mazaunin batir kuwa ruwan batir ne ke cinye shi, ko da damana ko da rani.

Aikin riƙo da aikin saidawa

In aka kawo tsohuwar mota wurin mai bugun jikin mota, wanda ake ce ma toliye, akwai tambayar da ake yawan ji tun kafin a yi maganar kuɗi: "Maigida, aikin riƙo ne ko na saidawa?" Amsar ita ke nuna irin aikin da za a yi.

Aikin saidawa ba ya ɗaukar lokaci. A buga gefen ramin da guduma ya lotsa ciki. In ramin ƙarami ne, a liƙa mashi takarda ko tsumma ta baya. In babba ne, a cusa ragar waya, ko kwali, ko guntun kwanon rufi da aka kama da ƴan ƙusoshi. Wasu suna sa zaren gilas da gam. Bisa wannan sai a kwaɓa mastik a lafta, a bari ya daskare, a goge, a sake laftawa har wurin ya yi sumul. Gwanin wannan aiki yana iya fidda layin ƙofa da kusurwar kabin da mastik zalla, tamkar magini da ke yi ma soro ado. Sai fenti. Ƙasan motar kuma a shafe shi da kwalta da aka narka cikin gazuwal, ko baƙin mai. Mai wayo yakan ƙara da zagaya motar bisa hanyar burji don jar ƙura ta zauna, kada baƙin ya nuna sabo ne.

Mastik ba mugun abu ba ne. An yi shi don cike ƙananan lotsawa bisa ƙarfe mai tsabta, kaurinsa milimita 2 ko 3, in ya yi yawa 6. Ba a yi shi don toshe rami ba, ba a yi shi don ɗaukar nauyi ba. Yana shan laima ta baya in ya samu hanya. Kuma shi da ƙarfe ba su miƙewa daidai cikin zafi. Ranar Afrilu da Mayu, wadda ke wuce awo 40 a inuwa, tana gasa jikin mota har hannu ba ya taɓuwa, dare ya yi ya huce. Ga gargadar hanya tana jijjiga shi kullum. Sannu a hankali sai tsaga siririya kamar gashi ta fito kewaye da facin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwan farko na Yuni ya bi tsagar, ya tarad da tsohuwar tsatsa tana jira.

A nan ne yanayin ƙasar nan ke taimakon mai rufa-rufa ba da saninsa ba. A bakin teku, inda iska ke da laima kullum, irin wannan aiki ba ya daɗewa yake tona kansa. A Nijar kuwa, motar da aka yi ma fenti cikin Nuwamba tana da wata shida ko bakwai na rani a gabanta, ba ɗigon ruwa, ga hunturu busasshe. Mai saye ya yi ta aiki da ita yana yabon cinikinsa. Sai cikin Yuli bororo ya fara fitowa ƙasan ƙofa, cikin Satumba wani gutsure mai faɗin tafin hannu ya faɗi, takardar siminti ta leƙo. A lokacin mai saidawa ya ci kuɗinsa, dillali ya ce shi bai sani ba, shaidu sun watse.

Fata daban, ƙashi daban

Ba kowace tsatsa ke kashe mota ba, kuma ba kowane faci ne zamba ba. Motar aiki ba amarya ba ce. Mutumin da ya toshe ramin ƙofarsa da guntun ƙarfe don kada ƙura ta shiga, ya shafa fentin da ya samu ko launin bai zo daidai ba, bai cuci kowa ba. Ƙofa, da murfin inji, da ƙarfen da ke rufe taya, da gefen bodi, duk fata ce. Kaurin tol ɗin jikin ƙaramar mota bai cika wuce milimita 1 ba, aikinsa rufewa ne. Mota tana iya shekara goma da munin fata tana kai hatsi kasuwa lafiya lau.

Ƙashi shi ne shasi, watau dogayen ƙarafan nan biyu da suka tashi daga hanci zuwa wutsiya, da waɗanda suka gitta tsakaninsu. Komi na mota a kansu yake rataye. Wuraren da suka fi haɗari su ne inda kunnuwan sifirin, wanda direbobi ke ce ma lam, suka kama shasi, da inda akwatin sitiyari ya zauna, da inda aka ɗaure kabin, da ƙarafan da ke riƙe tankin mai. Sai siririn bututun man birki, wanda ke bin gefen shasi cikin laka. Shi ba ya ba da sanarwa. Yana riƙewa har ranar da direba zai taka da ƙarfi bisa gangara, ya fashe, ƙafa ta tafi ƙasa.

Wanda ya ga yadda ake loda bashe ranar kasuwa ya san abin da ke bisa waɗannan ƙarafa. Buhuna a ƙasa, raguna a ɗaure gefe, mata da goyo a tsakiya, samari bisa ƙarfe ƙafafu na lilo, karen mota a maƙale baya. Motar da aka ƙera don ɗaukar wajen tan ɗaya, ana ɗora mata abin da ya fi haka nesa. Shasi mai lafiya ma yana wahala da wannan. Wanda tsatsa ta cinye rabin kaurinsa, aka rufe da kwalta, rami ɗaya a bakin ƙorama ya ishe shi. In kunnen sifirin ya tsige, gindin taya ya goce gefe, mota ta juya inda direba bai nufa ba.

Akwai kuma haɗarin da ba a gani. Ramin daɓen kabin da aka rufe da tabarma yana shigo da hayaƙin inji, musamman in bututun hayaƙin ma ya huje. Cikin hayaƙin akwai iska mai guba wadda ba ta da wari. Lokacin ɗari, da aka rufe gilasai, direba sai ya ji ciwon kai da barci, ya ɗauka gajiya ce.

Aikin riƙo

Gyaran gaskiya yana farawa da cirewa. A kankare fenti da tsohon mastik har a ga iyakar ciwon, kuma kusan kullum ya fi yadda aka zata faɗi. Inda tsatsa ta tsaya a sama, a goge da burushin waya ko dutsen injin guga har ƙarfe ya yi fari. Inda ta huda, ko ƙarfe ya yi laushi, a yanke wurin duka har a isa ƙarfe mai ƙwari, a yanko sabon tol mai kauri ɗaya da na motar, a yi mashi walda. Kwanon rufi bai dace ba: ya yi siriri, kuma farin shafen da ke jikinsa yana fidda hayaƙi mai sa zazzaɓi in wuta ta taɓa shi. Ƙarfen tano na lita 200 ya fi shi, masu gyara da yawa da shi suke aiki. Amma tanon da ya taɓa ɗaukar isansi ba a yanka shi da wuta, ko ya shekara ba komi ciki. Da kurfi da guduma ake buɗe shi. Haka tankin mota: a cire shi, a nisanta shi, kafin a kunna wutar walda kusa, a kuma cire kan batir.

Bayan walda, sai a shafa fentin farko mai hana tsatsa, gaba da baya. Bayan shi ne ake mancewa, nan ne kuwa ciwon ke dawowa, don wutar walda ta ƙone duk abin da ke kare ƙarfe a wurin. Ana saida wani ruwa da ke juya ragowar tsatsa ta koma baƙa ta daina ci. Yana da amfani cikin lungunan da burushi ba ya kaiwa, amma ba ya maido ƙarfen da ya tafi. Daga nan ne mastik ke shigowa, siriri, don share layin walda, sannan fenti.

Tsohon jan fentin nan da ake ce ma miniyom, wanda ke jikin motoci da yawa na da, da dalma aka yi shi. Dalma guba ce, ita ce ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 cikin ƙurar dutsen zinariya. Yaran garaji da ke gugar tsohon fenti a bushe suna shaƙar ƙurarsa, su ci abinci da hannun. Gara a goge da ruwa, a rufe hanci, a wanke hannu da sabulu.

Shasi kuwa ba aikin kowane mai walda ba ne. Na manyan motoci da yawa ƙarfe ne da aka horar da wuta tun a masana'anta, kuma masu ƙera su sun hana a yi walda ko a huda leɓensa na sama da na ƙasa, don nan ne nauyi ya fi taruwa. Layin walda da aka ja a tsaye, daga sama zuwa ƙasa, shi ne inda shasi zai sake tsagewa. Gwanaye suna yanka a karkace, su ɗora doguwar ƙarfafa da ta wuce ciwon nesa ta kowane gefe, su ɗaure da ƙusoshi masu ƙwari. In ciwon ya bi shasi wuri uku ko huɗu, neman wani shasi wurin masu saida sassan matattun motoci ya fi faci sauƙi da aminci.

Wannan aiki ya fi na mastik tsada, ya fi shi daɗewa, mota kuma ba ta samun kuɗi ranar da take garaji. Shi ya sa mai mota ke gudunsa, ba don bai san gaskiya ba. Amma ba dole a yi shi duka rana ɗaya ba. Mai hankali yakan fara da bututun birki da kunnuwan sifirin bana, daɓen kabin baɗi, ya bar ƙofofi da muninsu har Allah ya hore.

Mai saye ya kwanta ƙarƙashi

Kayan binciken mota ba su wuce aljihu ɗaya ba: mayen ƙarfe, irin wanda ake cirewa daga lasifikar tsohuwar rediyo, da ƙaramar guduma, da turnabis, da tocila. Mayen ƙarfe yana kama ƙarfe, ba ya kama mastik. A naɗe shi da ƙyalle kada ya karce fenti, a bi ƙasan ƙofofi da shi, da kewayen taya, da gindin gilashin gaba, da kusurwoyin kabin. Inda ya saki, ba ƙarfe nan kusa. Ƙwanƙwasa da yatsa ma yana faɗin gaskiya: tol yana amsawa, mastik kuwa shiru yake kamar bangon ƙasa. Da hantsi, in aka tsaya gefen mota aka dubi tsawonta, hasken rana yana nuna tudu da kwarin da ido ba ya gani gaba da gaba.

Sauran binciken a ƙasa yake. Alhajin da ya zo da babbar riga mai sitati ba ya son kwanciya cikin ƙura gaban jama'a, dillali kuwa ya san da haka. Sai a ji yana cewa, "Haba Alhaji, wannan ai jiya ta sauka daga jirgi, ji inji kawai." Injin yana iya zama lafiyayye, ba a kansa kaya ke zama ba. A shimfiɗa tabarma a shiga. A bi shasi da guduma taƙi bayan taƙi. Ƙarfe mai lafiya yana ƙara, ruɓaɓɓe yana amsawa a dushe, ɓawo na zubowa. A soka turnabis da ƙarfi kusa da kunnuwan sifirin. A tura yatsa cikin ramukan shasi a ji ko akwai ɓarɓashi. Kwalta mai taushi ƙarƙashin mota mai shekara 25 tambaya ce da ke son amsa. A ɗaga tabarmar direba, a ɗaga batir, a ɗaga katako ɗaya na daɓen baya. Mai motar da ya hana a yi haka ya riga ya ba da amsa.

Takardar bizit tana da amfani, amma shaidar ranar da aka duba ce, kuma mai dubawa ma ido gare shi, kwalta tana iya rufe mashi.

In kuɗin ƙungiya ne, nauyin ya fi. Gumin mutum hamsin ko ɗari ne aka tara, wani da kuɗin akuyarsa ya shiga. Bai kamata shugaba ya tafi shi kaɗai da dillali ba. A tafi mutum uku, a ɗauki makaniki daga wani gari, wanda ba ya cin abinci hannun mai saidawa, a biya shi ladansa ko an saya ko ba a saya ba. Kada a zuba kuɗin asusu duka cikin farashi, a rage na walda da taya. Ƙungiyoyin da suka watse saboda mota, ba satar kuɗi ce kullum ke watsa su ba. Wani lokaci mota ce ta zauna bisa duwatsu damana ta farko, kowa ya shiga zargin ɗan'uwansa.

Abin da malamai suka faɗa

Maganar ɓoye aibi cikin ciniki ba sabuwa ba ce. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ɗalibai ke karantawa a zaurukan ƙasar nan, ta lissafa ɓoye aibin kaya cikin abubuwan da ba su halatta ga mai saidawa ba. A fiƙihun Malikiyya, wanda ya sayi abu ya tarad da tsohon aibi da aka ɓoye mashi yana da ikon maida shi ya karɓi kuɗinsa. An kuma ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji laima a ciki, ya tuhumi mai shi don bai bar jiƙaƙƙen a sama inda masu saye za su gani ba. Mutanen karkara sun san irin wannan a kasuwar bisashe, inda ake ba saniya kanwa ta sha ruwa cikinta ya cika kafin a kai ta turke.

Yi ma mota fenti kafin a saida ta ba laifi ba ne. Laifin yana cikin shiru. Mai motar da ya ce, "Malam, nan da nan faci ne, shasi kuma an taɓa shi baya," farashinsa zai ragu, amma cinikin ya tsaya. Ya fi kyau a rubuta aibobin da aka sani cikin takardar ciniki gaban shaidu, kowa ya riƙe tasa. Toliyen da ya san motar mutane za ta ɗauka, ya rufe ruɓaɓɓen shasi da kwalta, shi ma yana da kaso cikin alhakin, ko da ya ce abin da aka sa shi ya yi.

Ga wanda ke riƙe da motarsa kuwa, abin da ke tsawaita ranta ba ya cin kuɗi. A shimfiɗa tamfol ko leda kafin a loda taki ko gishiri, a share a wanke ranar da aka sauke. A kwashe ciyawar bisashe da yamma. Da damana ta ƙare, a kai mota inda ruwa ke da ƙarfi a wanke cikin shasi har ruwa ya fito fari, a bar ta ta bushe kwana biyu a rana, sannan a shafa mai ko giris cikin lunguna. Mai bisa busasshen ƙarfe kariya ne, amma a kiyaye kada ya taɓa birki da robobi, kuma kada a zubar da shi kusa da rijiya. Ƙasan kowace ƙofa akwai ƴan ramukan da aka bari don ruwa ya fita. Ƙura tana toshe su, mai fenti ma yakan toshe su da mastik. Tsinke ɗaya ya isa buɗe su.

Akwai ranar da makaniki zai fito daga ƙarƙashin mota, ya kaɗe rigarsa, ya ce shasin ya ƙare. Motar ba ta tashi a banza ko a ranar. Injin da giya suna da masu saye. Gindin baya da tayoyinsa, mai walda zai ɗora mashi katako ya zama amalanken shanu ko na jaki, ya koma ɗaukar taki zuwa gona. Ganyayen sifirin maƙera ke ribibinsu, don ƙarfensu yana riƙe kaifi: da su ake ƙera gatari, da adda, da kurfi. Tol ɗin da ya rage lafiya ya zama murhun gawayi da ƙofar garka. Abin da ya saura, masu sayen ƙarfe su auna a kilo.